Tozon Dubiya

A gidanmu na Talata Mafara fawa muka gada, kuma a wurinmu ƙiba ce shaidar arziki. Yayana ya fi kowa wannan shaida. Duk ranar da aka yanka sa, tozon nasa ne, don shi ne babba. Da safe romo mai kitse, da rana gasasshen tozo. In zai shiga rumfa, tumbinsa ke riga shi sallama. Ni kuwa da nake kamar sandar makiyayi, har tambayata ake yi ko ana ɗora tukunya a gidana.

Da ya fara rama, idanunsa suka yi rawaya, ni na kai shi asibiti. Likita ya ɗauki hoton ciki. Ya ce kitse ya daɗe da cika masa hanta, jiki ya kasa ƙona shi, hantar ta yi tauri, ga wani ƙullutu da yake tsoron ciwon daji ne. Ya ce a bar maiƙo kwata-kwata kafin a san abin yi.

Yaya ya ce, "Likita, shekara talatin ina fiɗa. Sa mai kitse shi ne lafiyayye."

"Alhaji, ai kai ba sa ba ne."

"Awo. To don mi za ka ce in ci ganye?"

Muka dawo gida, 'yan dubiya suka fara sintiri. Mahauci ba ya zuwa dubiya hannu rabbana. Surukansa na Bakura suka zo da tozo. Abokan cinikinsa na Maradun suka zo da tozo, suka ƙara da kwalbar man shanu. Ƙanwarmu da ke aure a Damri tana ganinsa ta fashe da kuka.

"Wa ya bar Yaya ya lalace haka? Ku ba shi abin da zai maido mai da jikinai!"

Na ce likita ya hana.

Ta ce, "Kai rufa muna baki. So kake kowa ya koma irinka."

In na ɓoye kwano, sai a shigo da wani ta wajen mata. Yana ci yana amai, suna cewa ciwon ne ke fita.

Wata huɗu ya yi. Ranar sadakar uku ina zaune a bakin zaure dattawa suka gama bincikensu: wai yunwa ce ta kashe shi, tun da na raba shi da abincinsa. Ba wanda ya ambaci hanta. Ƙanwata har yau ba ta gaishe ni.