Leburan Cikin Jarida

A Wudil, zamanin Turawa, wani akawu maƙwabcinmu yakan zo da jarida daga Kano. Rannan ya nuna mini zanen barkwancin da ke ciki, yana ƙyaƙyatawa. An zana lebura ya yar da buhun gyaɗa, ya wangame baki yana kukan gajiya. Ina gani zuciyata ta tashi.

Babana dakon gyaɗa yake yi. Kullum da kafaɗa a saluɓe yake dawowa, innata ta gasa masa da ruwan zafi. In aka ce masa, "Ina gajiya?" sai ya ce, "Ba gajiya." Har ya rasu ban ji ya sake amsa ba. Shashashan da ya yi zanen nan, ko gaida lebura bai taɓa yi ba.