Towa, Ba Tuwo Ba

A Makka aka haife ni, a bayan unguwar Tandabawi, cikin ɗakunan gwangwani da mutanenmu suka kafa a gindin dutse. Lokacin yaƙin Turawa na biyu ina 'yar shekara takwas ko tara. Babu lantarki a wajenmu, kuma zafin garin bai bar kowa ya yi sha'awar jin ɗumi ba. Amma a gidanmu kullum akwai wuta tsakanin magariba da lisha, domin a lokacin ne kakata take soya gyaɗar da za ta sayar washegari. A bakin wannan murhu muke zama ni da ƙannena biyu, muna satar gyaɗa tana ƙona mana yatsu.

Iya Kuba ake ce mata. Matan unguwa sun ɗauka kubar ƙofa ce, wai don bakinta a kulle yake, ba ta shiga gulma. Ita ma ba ta taɓa gyara musu ba. Mu 'yan gida ne muka san Kuba sunan wani tsibiri ne a can bayan teku, inda aka haife ta. Mahaifinta Bazazzagi ne da aka kama yana saurayi aka sayar, ya yi bauta a gonar rake har ya fanshi kansa, ya komo Ikko da ita tana ƙarama. Can ta girma, ta auri kakana, suka kamo hanyar hajji a ƙafa ta Barno da Sudan. Gajeriya ce, ja, gashinta a miƙe kamar zare. Ko a Makka, inda babu irin fuskar da ba ka gani, sai an sake kallonta.

Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke farawa. Sai ta ajiye ludayin suya ta ce, "Ku matso in ji cibiyarku tukuna." Kowa ya ɗaga riga ta dangwala masa yatsa, muna ta ƙyalƙyala dariya. Ta ce a garinsu matattu suna fitowa in rana ta faɗi, su shiga cikin mutane, su ci gwaiba, su yi hira kamar kowa. Abu ɗaya ne yake tona musu asiri, ba su da cibiya. "To, duk masu rai ne," in ji ta. "Ku saurara."

Daga bakinta na ji sunan Yukahu, mai rogo da teku, wanda ba shi da uba sai uwa. Na ji na uwar tasa, Atabe, mai ruwan daɗi, wadda mata suke kira in naƙuda ta yi tsanani. Na ji na Gwabanse, mace mai fushi, wadda in ta juya hannuwanta sai guguwa ta tashi ta kwashe gari. Kullum ta gama sai ta ce, "Astagfirullah. Ba bauta nake koya muku ba. Mutanen uwata ne suke faɗa haka, ni kuma ba ni da wani gado nata sai wannan." Ta fi mu duka riƙon salla, ba na so wani ya yi mata wani zato.

Amma tatsuniyar da ta fi maimaitawa ba ta da daɗi ko kaɗan. Wai a farkon zamani mutane a cikin kogo suke zaune. Sai wani mutum mai zaƙin baki, Gwahayona, ya ce wa matan su zo su shiga kwalekwalensa. Ya ce su bar mazansu, su ajiye 'ya'yansu a bakin rafi, yanzu za a komo a ɗauke su. Matan suka yarda. Ya tuƙa su ya kai wani tsibiri ya bar su can, ya yi gaba. Yaran suna nan zaune a bakin rafi. Rana ta yi tsaka, rana ta faɗi, yunwa ta kama su, suka shiga kuka suna cewa, "Towa, towa!" Iyayensu maza suna tsaye a kansu ba su da nonon da za su ba su. Suka yi ta kuka har muryarsu ta dushe, jikinsu ya ƙanƙance, suka zama kwaɗi. Shi ya sa har yau in an yi ruwa kwaɗi suke wannan kira.

Ranar da na fara jin ta na fashe da dariya. Na ce, "Iya, ashe su ma tuwo suke so! A ba su mana."

Ƙannena suka ɗauka, suna tsalle suna "tuwo, tuwo." Ita ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da juya gyaɗa cikin yashi, can ta ce, "Towa na ce, ƙawata. Ke kunnenki a ciki yake." Na tambaye ta ko uwayen sun komo daga baya. Ta ce lisha ta yi, mu tashi. Duk tatsuniyoyinta tana rufe su da ƙurunƙus, ban da wannan.

Babana tela ne, yana da 'yar rumfa a hanyar Harami. Shi ne ɗan Iya na fari, don haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "wannan na rumfa." Mutum ne mai tsoron Allah, mai tsoron hukuma kuma, don ba mu da takardar zama, kuma ya ga yadda masu sandan hukuma suke yi da wanda aka ce yana da laya ko tsafi. Ya san tana ba mu labarai, amma lokacin yana masallaci, sai ya yi kamar bai sani ba. Ni ce na hana shi ci gaba da yin kamar bai sani ba.

Wata rana da hantsi hadari ya taso, irin wanda tsofaffin garin suka ce ba su taɓa gani ba. Iska ta ɗage rufin maƙwabta, ruwa ya gangaro daga duwatsu yana jan tukwane da awaki. Muka fake a ɗakin malamar da take koya mana karatu, mata sun cika ɗakin suna salati. Ni kuwa da bakina da ba shi da linzami, na leƙa waje na ce da ƙarfi, "Gwabanse ce! Ta juya hannunta!"

Malama ta ce, "Wa? Esh hada, ya binti? Mene ne wannan, 'yata? Wace ce Gwabanse?"

Na zayyana mata komai, har da Atabe da Yukahu, ina jin daɗi an ba ni fili. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ni lokacin ban san wannan ba. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa cewa a gidan tela ana koya wa yara sunayen gumaka.

Baba bai dake ni ba. Na fi son da dukan ya yi. Ya zo ya durƙusa gaban uwarsa, kansa a ƙasa, ya ce, "Iya, don Allah don Annabi. A Makka muke. In maganar nan ta kai inda ba ma so, ina za mu? Kuma ko babu hukuma, akwai kabari. Shi ke nan, a bar shi haka."

Ta juya ta dubi bango. Sannan ta ce, "To. An bari."

Da magaribar wannan rana aka kasa hura wuta, gawayi ya jiƙe. Ruwa ya taru a wani kwari bayan gidaje, sai na ji wani irin kuka yana tasowa daga can, muryoyi da yawa, wata tana katse wata. Ban taɓa jin kukan kwaɗo ba sai ranar, ban ma san akwai su a garin ba. Na iske Iya tsaye a bakin ƙofa ta dafa gwangwani, tana saurare. Na zo zan ba ta haƙuri, ta kama wuyan hannuna ta matse.

"Kin ji su?" in ji ta. "Ni ma na yi wannan kukan. Babana ya ce in zo in ga jirgin ruwa, yanzu za mu komo. Uwata ta ce ba za ta bar ƙasarsu ba, shi kuma ya ce ba zai bar 'yarsa a can ba. Tana wanki a rafi muka tafi. Da na ga ƙasa tana nisa na yi ta kira, towa, towa, har murya ta ƙare. Towa uwa ke nan, ƙawata. Uwa da nononta." Ta saki hannuna. "Tana zuwa mini a mafarki, amma ba ta da fuska. Na manta fuskarta. Kada ki faɗa wa wannan na rumfa, na yi masa alkawari."

Ta cika alkawarinta. Shekara biyu muna zama bakin murhu, tana ba mu labarin Gizo da na annabawa, amma ba ta sake cewa mu ɗaga riga ba. Ni na ja mana wannan, kuma na sani. Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa tana soyuwa sai kunya ta kama ni.

Bayan wani aikin hajji zazzaɓi ya kwantar da ita. A kwana na huɗu Hausa ta gudu daga bakinta, Larabcin ma da ba shi da yawa ya bi bayanta. Kalma ɗaya ta rage, tana ta maimaita ta, idonta a kan ƙofa.

Innata da ta haife ni ta ce, "Tuwo take so, baiwar Allah." Aka shiga neman garin dawa gida gida, don a lokacin ba kowa yake da shi ba. Aka tuƙa mai laushi, aka kaɗa miyar kuka da wata Bakatsiniya ta kawo. Da aka kai mata baki sai ta kau da kai, ta ci gaba da kiranta. Ina tsugune a lungu ina kallon tuwon yana hucewa. Na san ba shi take nema ba, amma bakina ne ya jawo masifar farko, sai na ƙudurta wannan karon zan kulle shi.

Baba ya shigo bayan azahar ya zauna a wajen kanta, yana laƙƙana mata kalmar shahada. Ya faɗa, ta ce towa. Ya sake faɗa, ta ce towa. Sai na ga fuskarsa ta canja. Ya dubi kwanon da ba a taɓa ba, ya dubi innata, ya ce a hankali, "Ba tuwo take cewa ba. Sunan ɗaya daga cikin abubuwan nan ne." Ya kama hannunta. "Ya Rabbi, a Makka, a bakin mutuwa. Iya, kada ki yi mini haka. Iya, ki ce la'ilaha illallah."

Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar babba ba. Yana gani uwarsa za ta tafi wuta a gabansa, kuma ba shi da yadda zai yi. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Baba, ba gunki ba ne. Uwarta take kira."

Ya juyo. Na faɗa masa na rafi da na jirgi, ina kuka ina haɗa maganar baya da ta gaba. Ashe bai taɓa ji ba. Shekara hamsin yana ɗanta, kunyar ɗan fari ta hana ta gaya masa, shi kuma bai tambaya ba. Sai ya ce wa innata, "Zo ki ɗauke ta." Innata ta hau shimfiɗar ta rungumo tsohuwar, ta ɗora kanta a ƙirji kamar jaririya, tana jijjiga ta tana cewa, "Ga ni, ga ni, na komo." Kiran ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya tsaya. Da Baba ya sake laƙƙana mata shahada, leɓenta ya bi shi. Ni na gani da idona. Kafin la'asar ta cika.

Bayan kwana uku Baba ya kira ni rumfa. Ya ce yana so ya yi wa kakarsa ɗawafi, in gaya masa sunanta. Na ce ban sani ba. Ya ce in tuna da kyau. Na lissafa masa duk sunayen da na ji a bakin murhu, waɗanda ya hana, yana saurare bai katse ni ba, amma babu nata a ciki. Wataƙila Iya ma ba ta sani ba, yarinya 'yar shekara shida ba ta kiran uwarta da suna. Wataƙila kuma da an bar ta ta ci gaba, wata magariba da ta faɗa. Wannan wataƙilar ita ce ni da Baba muka ɗauka, kowa da rabonsa, ba mu taɓa zancenta ba.

Na tsufa yanzu, na wuce shekarun Iya. Wani jikana da ya yi karatu ya taɓa binciko mini labarin. Ya ce mutanen sunansu Taino, su ne 'yan asalin tsibiran nan kafin Turawa su zo, kuma Atabe da Yukahu da yaran kwaɗi duk suna nan a rubuce. Ya ce wasu littattafan sun ce mutanen sun ƙare tun da daɗewa. Na ce masa, "Ɗaga rigarka." Ya yi dariya, ya ce da Larabci kaka ta fara ruɗewa. Na dangwala masa yatsa a cibiya na ce, "Wannan daga ina ta zo?" Da ina yarinya na ɗauka wasan Iya na tsoron fatalwa ne. Sai da na haihu na gane tana duba ne ta tabbata kowannenmu a ɗaure yake da wata uwa, ita ma da wata, har can bakin rafin.

Baba ya yi ɗawafin nan duk da haka, kuma ya ci gaba da yi duk shekara har ƙafa ta gaza. Ina biye da shi a na farkon, na riƙe gefen rigarsa cikin turmutsutsu. Da muka zo daidai ƙofar Ka'aba ya ɗaga hannu, na ji shi da Hausa, yana cewa, "Allah, ka san sunanta, mu ba mu sani ba. Ka ji ƙan Towa."