Ranar da Kyamarar Aljihu ta Tona Inda Nake Sari

Ko da zan manta duk wahalar da na sha a kasuwanci, ranar da wata 'yar kyamara ta tona mini asiri tana nan daram a raina. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai.

A lokacin ina da ɗan shago a Samaru, ina sayar da wayoyi da caja da ƙananan na'urori. A gefe kuma na buɗe ƙananan shafuka a intanet, kowane da abu guda da yake magana a kai: ɗaya na fitilun sola, ɗaya na rediyo, ɗaya na kyamarori. Ina samun ɗan abu daga tallan da ake ɗorawa, amma ribar gaske ita ce mai karatu ya kira ni ya saya a hannuna. Duk sana'ar a kan sirri ɗaya ta tsaya: ba wanda ya san inda nake sari. In an tambaye ni, sai in ce daga Legas ake turo mini.

Gaskiyar magana, Legas ɗina wani lungu ne a Sabon Gari, shagon wata Madam da iyayenta suka zo daga kudu. A nan aka haife ta, kuma Hausarta ta fi tawa kaifi. Wata safiya ta nuna mini sabuwar kyamara da ba ta kai tafin hannu ba, mai maɓalli ɗaya. Ta danna, jar fitila ta kama, ta miƙo mini. Na juya ta, na taɓe baki, na jefa ta a aljihun gaban rigata. Ashe idonta yana leƙowa waje.

Duk ɗan kasuwa ya san ba a yabon kaya a gaban mai shi. Don haka na shiga aikina. Na ce, "Madam, wannan ai abin wasan yara ne. Roba ce zalla. Batirinta ba zai kai azahar ba."

Ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. In ba ta da kyau me take yi a aljihunka?"

Na ce, "Taimakonki zan yi. Akwai mutanena a Samaru, in na yi musu Turanci biyu za su saya."

Muka ja, muka daidaita, na fito. Na ma tsaya a ƙofa na waiwaya muna sallama, allon shagonta da sunan layin suna kallona.

Da na koma Samaru na danna maɓallin, fitila ta mutu. Na ce to, ka ga halin kayan arha. Na sake dannawa ta kama, na ɗauki titi da masu babur ina zuba yabo. Daga nan na rubuta sharhi mai zafi, na ce ban taɓa riƙe kyamara irinta ba, wanda ke shakka ya kalli bidiyon ya gani da idonsa. Na haɗa ta da kwamfuta, na ga bidiyo biyu, na ɗauki na farko na ɗora. Ya daɗe yana hawa, na zagi kamfanin waya, na ci gaba da harkokina. Ban kalla ba. Wa ke kallon abin da shi ya ɗauka?

Washegari da hantsi maƙwabcina mai fotokwafi ya leƙo yana danne dariya. Ya ce, "Alhaji, yaya Legas? An ce yanzu motar Sabon Gari ke kai mutum." Ban gane ba sai da wasu ɗalibai mata biyu suka tsaya a bakin shago, ɗaya ta ce, "Oga, mun zo a yi mana Turanci biyu." Na buɗe shafin. Ga muryata tar, ga Madam, ga farashin sari, ga allon shago ana karanta shi harafi-harafi. Abin haushin ma, hoton ya yi kyau ƙwarai.

Na hau mota sai Sabon Gari. A shagon Madam na tarar da wani malamin jami'a, babban kwastomana, yana zaɓen kyamara. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "A'a, Alhaji! Kai ma ka zo Legas?" Na gaishe shi da ladabi, don ba abin da ya rage mini.

Bayan ya tafi na ce wa Madam yanzun nan zan goge bidiyon. Ta dafe ƙirji. "Ka goge me? Tun safe mutum nawa suka zo! Ko a coci ban taɓa samun talla irin wannan ba."

A nan kaina ya dawo aiki. Sirri dai ya riga ya tafi, gogewa ba za ta dawo da shi ba, amma ita tana son bidiyon ya zauna. Na ja kujera na zauna. Na ce zan bar shi, in ma ƙara wasu a kan sauran kayanta, da sharaɗin duk wanda ya zo ta shafina ina da la'ada. Ta harare ni ta ce, "Kai ko a rami ka faɗa sai ka tambayi nawa ake sayar da ƙasar." Amma ta yarda.

Cinikin kyamara a shagona ya mutu daga ranar, malamin nan kuma bai ƙara sayen ko caja a wurina ba. Shafin ne ya rayu, domin mutane sun fara zuwa neman aibin kaya kafin su saya, ni kuma na fara rubuta musu shi tsakani da Allah.

Abin da na koya shi ne, bakin da ka yi sari da shi, da shi za ka sayar. Kushen da na yi wa Madam ƙarya ne, yabon da na yi wa masu karatu ma da ƙari a ciki, gaskiyar kayan tana tsakiya. Ita nake rubutawa yanzu, kuma ita ce ba ta taɓa sa ni ɓuya a bayan kantar shago ba.