Katakon da Baba Ya Shimfiɗa wa Inna

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isa kafinta, Allah ya ji ƙansa. A ƙauyenmu da ke gefen Makoda, har yau in baƙo ya tambayi gidanmu sai a ce masa ya nemi gidan mai ɗakin katako. Da can sunan ba'a ne, mu 'ya'yansa mun sha jin kunyarsa. Yanzu ni nake fara faɗarsa tun kafin a tambaye ni.

Ba don ya burge kowa ya yi aikin ba. Mahaifiyarmu, Inna, ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa. Da aka fasa tsohon daɓen ɗakinta aka zuba siminti, sai ciwon ya ƙaru, in sanyi ya shigo a zaune take sallah. Baba ya taɓa zuwa cin rani kudu yana saurayi, ya yi aiki a wani tsohon gida da aka shimfiɗe ƙasansa da katako, kuma bai manta ɗumin da ƙafarsa ta ji ba. Sai ya ce zai yi mata irinsa.

Da labari ya fita, babu abin da ba a faɗa ba. Kawunmu ya zo har gida ya ce a garin da gara take cin ƙyaure yana tsaye, shi kuma zai kwantar mata da abinci a ƙasa. Baba ya saurare shi har ya gama, ya raka shi ƙofa, ya dawo ya ci gaba da wasa zartonsa.

Bai sayi farin katakon kasuwar Ɗambatta ba, ya ce wannan na akwatin talla ne. Akwai wani tsohon maɗaci da iska ta kayar a gonarmu, shi ya sa aka yanka masa, domin gara ba ta son ɗacinsa. Ya jera allunan a inuwa, ya sa ƙirare a tsakaninsu don iska ta ratsa, ya bar su fiye da shekara. Mutane suka ce ya ji tsoro ya fasa. Shi kuwa ya san ɗanyen katako lanƙwashewa yake yi. Da suka bushe, ya jera azara a kan simintin, ya shafe ta da baƙin mai, ya ɗora katakon ya bar sarari a ƙarƙashi. A jikin bango ma ya bar tsaga kamar faɗin yatsa, saboda katako yana kumbura da damina. Ya nutsar da kan kowace ƙusa, ya goge da samfefa har sai da Inna ta shafa ta ce ya isa haka.

Kafin sanyin shekarar ya fita, Inna ta koma kai goshinta ƙasa. Ciwon bai tafi duka ba, amma ta daina neman mai ɗaga ta.

Sai dokoki suka biyo baya. Randa ta bar ɗakin. Ba a kwara ruwa, sai dai a goge da tsumma mai ɗan danshi. Sau biyu a shekara a shafa man darbejiya, kafin ruwa ya sauka da kuma bayan girbi. Ba zan ce bai taɓa kuskure ba. Wata damina rufi ya yi yoyo a kusurwa bai lura ba, allo uku suka ruɓe. Kawu ya zo kallo. Baba ya ce laifin idonsa ne, katako ba shi da laifi, ya canza su ya toshe rufin. Bayan rasuwarsa ni na ɗauki shafa man, nakan zo daga Ɗambatta inda nake aure da koyarwa.

Bana wana, Yaya Nasiru, wanda Allah ya buɗa wa kasuwa a Kano, ya tashi gyaran gidan. Ya kyauta, ba na ƙin faɗa. Ya canza kwano, ya ja ruwa, ya kawo tayil mai ƙyalli aka sa a tsakar gida da ɗakuna. Da aka zo kan ɗakin Inna, ya ce a ɓalle katakon, wai in abokansa suka shiga gaishe ta sai su ga kamar a kan bencin makaranta ya ajiye uwarsa. Ranar ina gidan. Na je na tsaya a bakin ƙofa.

“Yaya, ka sa tayil ko'ina, har bayan gida in ka so, amma ban da nan,” na ce.

“Binta, gidan nan ba naki ba ne ke kaɗai.”

“Haka ne. Ɗakin kuma ba namu ba ne mu duka biyun.”

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, kuma ban yi nadama ba.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce in ya ga ƙauyenmu yau. Ba na jin zai ƙi tayil, mutum ne mai son sabon abu, ai shi ya fara kawo abin da ba a saba gani ba. Tambayarsa dai ita ce wa zai taka shi, kuma shekarunsa nawa. Abin da zai ɓata masa rai shi ne gonaki. Manyan itatuwan da ya sani yawancinsu sun tafi a buhun gawayi, ko mai son irin ɗakin Inna a yau sai ya wahala kafin ya sami icen. Zai kuma yi faɗa da kafintan da ke haɗa gado da ɗanyen katako don ya yi sauri.

Inna ce ta yanke maganar. Tana zaune tana jin mu, sai ta kira Yaya, ta sa masa albarka a kan duk abin da ya yi wa gidan. Sannan ta ce, “Wannan ka bar shi sai kun fitar da ni. Bayan nan ku yi yadda kuka ga dama.”

Tayil ya tsaya a dokin ƙofarta. Gaisuwata da Yaya har yanzu ba ta koma yadda take ba, na kuma yarda da hakan. Kayan aikin Baba an rarraba, shagonsa ya zama wurin cajin waya. Abin da ya rage shi ne ɗakin nan, da taurin kan da ya gina shi, wanda na gano a jinina yake. Inna ta ba su izinin bayan ranta. Ni ban ba da nawa ba, kuma na gaya wa Yaya a gabanta.