Matar da Ke Cikin Rijiyarmu

Tarihin Nijar ba zai cika ba sai an sa yaƙin da kakata, Inna Tamu, ta yi a kan rijiyar gidanmu a Agadas. Zamanin Shugaba Diori ne, an kawo famfo unguwa, ma'aikatan lafiya suka ce a toshe tsofaffin rijiyoyi da siminti. Kawu Alhusaini, ɗanta, ya amsa musu da to.

Bayan magariba muka kewaye murhu, ana dafa shayi. Na nuna wa Inna hoton 'yar ruwa a littafin lakwal, wato makarantarmu ta boko, mace mai wutsiyar kifi.

"Wannan ta nasara ce, ko zane babu," in ji ta. "Tamu 'yar ruwan 'yar mutunci ce, ƙafafunta biyu, da lalle."

Sai ta gyara zama ta fara, idonta a kan Kawu. Wai a tafkin Timia, inda ruwa ke zubowa daga dutse, akwai wata mata da ta riga dabino zuwa. Ba ta neman yanka. Sallama kawai take so kafin a tsoma guga. Wani sarki ya aiko ta tashi, zai yi wa raƙumansa mashaya. Ta ce ya zo ya kwashe ta da ƙwarya. Bayinsa suka yi ta kwasa har ƙoran suka ƙare, sarkin ma ya ƙare. Ita kuwa ta bi ƙarƙashin ƙasa, tana kwana a rijiyar duk wanda ya iya gaisuwa.

"Inna, umarnin kumandan mai mulkin gari ne fa," in ji Kawu.

"Kumandan ya haƙa ta? Kai da na yaye da ruwanta, yau za ka rufe wa baƙuwa ƙofa? Ka gaya musu su haɗa da ni, simintin ya ishe su."

Da masu simintin suka zo, suka tarar da ita zaune a bakin rijiyar tana kaɗi. Suka gaishe ta, ta amsa da kyau, ba ta motsa ba. Da rana ta take, suka kwashe kayansu.

Na girma na karanta bayanan masana, wai mutanen hamada suna ba ruwa fuska don su ji kunyar ɓata shi. Wataƙila. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, ba kowane "tashi" ake tashi ba, kuma ya jawo mini canjin wurin aiki ba sau ɗaya ba.

Ba a toshe rijiyar ba. Ta dai riga ta ƙafe tun kafin a haife ni.