Mutumin da Sagindik Ya Koma Nema

Ulbosin ita ce ta huɗu a jerin 'ya'ya mata na wani makiyayi da ke kiwon tumaki a tudun saman kwazazzabon Sharin, a ƙasar Kazak. Ranar da aka haife ta aka ce wa uban mace ce kuma, sai ya raɗa mata wannan suna, wanda a bakin Kazak yake nufin na gaba ya zo namiji. Na gaban bai zo ba, ba namiji ba mace. Da uban ya ga haka sai ya ɗora ta a kan doki tun ba ta iya ɗaurin ɗankwali ba, ya ce ga ɗansa nan. Ta tashi tana bin tumaki cikin jajayen duwatsun nan, har ta san lungun da ke da inuwa da azahar, da wanda ba a tsayawa cikinsa idan hadari ya haɗo ta wajen tsaunuka.

A nan Sagindik ya fara ganin ta. Lokacin gwamnati ta mai da wurin gandun daji, an ɗauke shi aikin gadi, aka aike shi ya sanar da makiyaya sabuwar doka.

Ya ce, "'Yan mata, ina mai tumakin nan?"

Ta ce, "Kana magana da shi."

"To, an hana kiwo daga wancan dutsen har zuwa kogi."

"Wa ya hana?"

"Gwamnati."

"Sai ka je ka gaya musu da kanka. Ni tun safe nake musu magana ba su ji ba."

Washegari ya dawo da dokar, jibi ma haka, har tsohon ya ce masa, "Yaro, dokar nan taku ba ta da ƙarshe ne? In wani abu kake nema ka turo manyanka." Kafin sanyi ya shigo aka ɗaura aure.

Aikin Sagindik shi ne ya sauka da baƙi masu yawon ƙafa tun daga bakin kwazazzabon har kogi, ya dawo da su. Ita kuma Ulbosin ta kafa tantin ulu a sama, inda motoci ke tsayawa, tana sayar da shayi da madara da soyayyen bawursak, wato irin fankensu, ita da Zawresh ƙanwar mijin. Da bazara wurin tanderu ne, da hunturu iska ba ta barin kowa ya tsaya, saboda haka kaka ita ce kasuwarsu. Itatuwan bakin kogi su rine ruwan ɗorawa, motoci su yi ta kwararowa daga birnin Almati duk ƙarshen mako.

Sagindik mutum ne mai surutu da barkwanci. Kowane dutse ya ba shi suna. Yakan nuna wa baƙi wani mai kumburarren baki ya ce, "Wannan surukata ce, ranar da na kai kuɗin aure." Su yi ta dariya suna ɗaukar hoto. Idan labari ya iso tanti Ulbosin takan ce, "Baban Moldir, Allah ya kai mu ranar da za ka faɗa a gabanta." Moldir ita ce 'yarsu, ita kaɗai Allah ya bar musu. Amma duk wasansa akwai abu ɗaya da ba ya wasa da shi. Ba ya cire takalmi sai ya tabbata duk wanda ya sauka ya fito.

Wata Asabar cikin kaka, rana na haske tas a kansu, sai Sagindik ya hango sama ta yi baƙi can wajen tsaunuka. Ya tattaro mutanensa tun kafin la'asar, ya kora su sama suna gunaguni. Ya shigo tanti, Ulbosin ta miƙa masa shayi, bai kai ga kurɓa ba sai wata mata daga cikin motar baƙin ta leƙo ta ce kujerar kusa da ita babu kowa. Wani saurayi ne mai jar riga, shi kaɗai ya zo, babu wanda ya san sunansa. An gan shi ya ratse cikin Kwarin Akuya yana ɗaukar hoto.

Sagindik ya ajiye kwanon.

Ulbosin ta ce, "Baban Moldir, ka ga sama kuwa?"

"Na gani. Shi ne bai gani ba."

"To ka bi ta kan tudu, kada ka shiga ciki. Kwarin nan ni na san shi, babu inda mutum zai kama ya hau."

"Daga tudu ba a ganin lunguna. In ya karye yana kwance fa?" Ya ɗauki igiyarsa, ya juya wajen ƙanwarsa. "Zawresh, kada ki shanye min shayi, na san halinki."

Zawresh ta ce, "Yaya, in ka daɗe har bawursak ɗinka sai na cinye."

Ya sauka da sassarfa. Ko ɗigo ɗaya bai faɗo a kan tantin ba ranar nan. Ulbosin tana tsaye a bakin dutse ta ji ƙarar, kamar manyan motoci sun jeru suna tahowa ta ƙarƙashin ƙasa. Ta taɓa jin ta tana yarinya, ranar da ambaliya ta cinye musu tumaki. Ba ta yi ihu ba, ta zauna a ƙasa.

Da safe aka sami gawar Sagindik kusa da kogi, laka ta binne shi zuwa ƙirji a cikin saiwoyin wata bishiya, igiyar na naɗe a kafaɗarsa. Saurayin kuwa an yi kwanaki ana nema ba a ga ko takalminsa ba, aka ce kogi ya tafi da shi. Babu kuma wanda ya zo cigiya.

Masu ta'aziyya suka yi ta ce mata mijinta ya tafi a kan hanyar ceton rai, mutuwa ba ta fi wannan kyau. Ta riƙe maganar hannu biyu, don ba ta da wata. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yaron nan da babu mai nemansa. Ta ce ƙila maraya ne. Duk Alhamis, idan ta soya wainar sadakar mamata ta raba wa maƙwabta, takan ambaci mijinta, ta ƙara da "da yaron nan mai jar riga". Da haka ta rayu. Ta aurar da Moldir a garin Shonji, ta ci gaba da kafa tantinta duk kaka, sai dai ko sau ɗaya ba ta sake taka cikin kwazazzabon ba.

Bayan wasu shekaru, a wata kaka, wani magidanci ya shigo tantin da matarsa da jaririya a goye a ƙirjinsa. Ya gaishe su da ladabi, ya ce sunansa Oljas, suka zauna. Ulbosin tana zuba shayi, Zawresh tana suya, shi kuma yana nuna wa matarsa wajen ta ƙofa.

Ya ce, "Kin ga wancan kwarin? Nan na yi wauta ina saurayi. Na ratse ni kaɗai ina ɗaukar hoto, na ɓata. Can na ga wata hanyar awaki, na kama ta da hannu da ƙafa, ban san inda na fito ba sai ga ni a babban titi. Jar rigar nan da kike cewa in jefar, ita na ɗaga wa wani mai motar albasa. Har Almati ina warin albasa!"

Matar ta yi dariya. "Motar da ta kawo ka fa?"

"Oho. Waya ta mutu, kuma washegari jirgina zai tashi zuwa wajen aikin haƙar mai. Na ce za su tafi abinsu."

Mataki guda ya raba Ulbosin da shi. Butar na hannunta, ta ci gaba da zubawa har kwanon ya cika fal ya fara zuba a kan ledar cin abinci. A wajensu baƙon da ake so kaɗan-kaɗan ake zuba masa don ya daɗe ana hira, cika kwano kora ce. Matar Oljas ta lura, ta ce a hankali, "Apa," wato mama a bakinsu, "mun yi wani laifi ne?"

Zawresh ce ta jefar da matsamin suya.

"Wace shekara? Kai, da kai nake! Ranar Asabar ce? An yi ambaliya?"

Oljas ya ce bai san an yi ambaliya ba.

"Ba ka sani ba! Yayana ya ajiye shayinsa a nan, nan inda kake zaune, ya koma nemanka. A cikin laka muka tono shi. Matar nan shekara da shekaru tana yi maka sadaka tare da mijinta, ashe kai kana can kana ba da labarin albasa!"

Ulbosin ta ce, "Ya isa, Zawresh. Za ki tayar da yarinya."

"Jenge, ki bar ni in faɗa!" Haka take kiran ta, matar yaya, tun ranar da aka kawo ta.

"Na ce ya isa."

Oljas ya kwance goyon ya miƙa wa matarsa. Ya daɗe yana kallon shayin da ya zube. Sannan ya ce, "Apa, ki nuna min wurin. Don Allah."

Zawresh ta ce babu inda za ta. Ulbosin kuwa ta tashi ta ɗaura ɗankwalinta, ta sa takalmi.

Suka sauka ita a gaba, shi a baya. Baƙi na wuce su suna dariya, wani sabon ma'aikaci na nuna musu duwatsu da sunayen da ba ta sani ba. Gwiwoyinta suna ciwo amma ba ta tsaya ba sai da suka kai bakin kogi. Bishiyar na nan, ta zubar da rabin ganyenta, wasu 'yan mata sun shimfiɗa zane a gindinta suna cin kankana. Ulbosin ta tsaya daga nesa ta nuna da haɓa.

Oljas ya durƙusa a kan tsakuwa ya rufe fuska. Ta bar shi ya yi kukansa. Da ya lafa ta ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. Da ka fita titi, me ya hana ka aiko a ce ka fita?"

Ya ce, "Apa, ni kaɗai na zo. Babu wanda na yi wa magana a motar. Wallahi ban zaci akwai wanda zai lura babu ni ba."

Ta ce, "Shi ya lura."

Ya roƙe ta gafara, ya ce duk abin da ta ce ya yi zai yi, ya zama ɗanta har ƙarshen ransa. Ta girgiza kai.

"Na yafe maka, don ba ka sani ba. Allah ya raya maka 'yarka. Amma ɗa kam a'a. Kuma kada ka sake zuwa shan shayina, ba zan iya kallon ka kana haɗiya ba."

Da suka hau, ya ɗauki iyalinsa suka tafi. Zawresh tana ta zage-zage tana goge leda. Ulbosin ta zauna a bakin ƙofa ta cire takalmi, ta ce, "Kin san abin da ya fi min ciwo? Da ina cewa ya kusa kai wa gare shi, ƙila ma ya riƙo hannunsa ruwan ya raba su. Ashe kwarin babu kowa. Yana ta kira, yana leƙa lunguna, babu kowa." A nan ne kukan ya zo mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Zawresh ta bar ledar ta zo ta rungume ta.

Ta ƙarasa kakar nan da ƙyar. Da sanyi ya shigo ta bar wa Zawresh tantin da tukwanen, ta koma Shonji wajen Moldir. Tana can yanzu, tana renon jikoki, ta rage magana ƙwarai. Mutanen unguwa sun san ta da kirki, amma kaɗan ne suka san ta taɓa hawa doki.

Bara Zawresh ta kawo mata ziyara, ta ce mutumin nan ya zo. Bai shiga tanti ba, a waje ya tsaya, ya ce a gaya wa Apa an yi masa haihuwa, namiji, ya sa masa Sagindik.

Zawresh ta ce, "Na so in watsa masa ruwan zafi, Jenge. Ina ruwansa da sunan yayana?"

Ulbosin tana tsince shinkafa a faranti. Can ta ce, "Yaron lafiyarsa ƙalau?"

"Ya ce ƙato ne."

"To Allah ya raya." Ta ture farantin gaban Moldir ta ce ta ƙarasa, idonta ba ya ganin tsakuwa yau, ta tashi ta shiga ɗaki.