Jar Fatar Kawu Mainasara

Kawuna Mainasara, ƙanen mahaifiyata, mutumin Dinawa ne. Can aka haife shi, can ya yi noma tun ya iya ɗaga kalme, wato fartanya, har ƙafarsa ta hana shi. Amma ba can aka binne shi ba. Watan jiya labarin rasuwarsa ya iso mana, kuma tun ranar ban fara wani abu na gama shi ba. Na dawo daga makarantar horon malamai ina jiran hukumar En'e ta faɗa mini garin da za ta kai ni koyarwa. Mutane suna ce mini Malam, suna taya ni murna, ni kuwa ko abinci ba ya yi mini daɗi. Na ga gara in rubuta abin da na sani game da shi tun ban fara mantawa ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa. In zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu, saboda wani haƙori da jaki ya cire masa yana yaro. Da damina gero da dawa da wake, da rani albasa a fadama. Abin da yake alfahari da shi ke nan, cewa bai taɓa zuwa cin rani ba. In an gama girbi mazan Dinawa suka ɗaure kaya suka nufi kudu a ƙasa neman aikin ƙarfi, shi yana cikin albasarsa yana ɗaga musu hannu.

Sai kurkunu ta fito masa a gwiwar hagu. Wajen jawo ta ta tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura, ya yi damina guda a kwance. Da ya tashi gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Mai ban ruwan albasa kuwa a durƙushe yake yini. Ya ba maƙwabci aron fadamar, gonar tudu kuma matarsa, Inna Kaltume, da 'yan uwa suka taimaka aka ɗan samu abin da bai kai rani ba. Ya san abin da ke gabansa: ko ya sami sana'ar zaune kafin kaka ta wuce, ko ya bi mazan nan kudu da ƙafar da ko masallaci sai ya huta a hanya.

Tun yana kwance yakan ɗinke gugan rijiya da ragamar jaki don ya rage zaman banza, mutane suka ce yana da hannu. Shi ya sa duk ranar kasuwar Wurno ya riƙa hawa jaki ya je rumfar dukawa, masu ɗinkin fata. Babban rumfar shi ne Baba Maccido, tsoho mai jan hannu saboda rini, wanda ya gaji dukanci iyaye da kakanni. Wanda ba ɗan gado ba ba ya zama cikin rumfar, don haka Kawu yakan miƙe ƙafarsa a bakin inuwa, rabin jikinsa cikin rana, yana kallon yadda ake yanka da huda da ɗinki.

"Manomi, yau ma kallo?" in ji Baba Maccido wata rana.

"Kallo dai, Baba."

"Kallon ga naka ya hwara cinye min basilla."

Lawwali, babban ɗan tsohon, ya ce, "Baba, kak ka ba shi. Hannun da ya saba da kalme, in ya kama basilla sai ya huda har cinyatai."

Kawu ya rufe baki ya yi dariya. "Cinyar hagu za ni aza ma, Lawwali. Ita ba ta jin komi."

A lokacin fata mai kyau ta yi wa dukawa wuya. Masu saya wa Turawa suna bin kasuwanni suna kwashe fatar jar akuya ɗanya, tun ba ta kai wurin majema ba, a ɗaure ta a tura teku. Abin da ke ragewa sai mai tabon ƙaya da mai yankan wuƙa. Ana cikin haka wani malamin Rabah, Malam Shittu, ya gama rubuta Alƙur'ani da hannunsa, ya zo yana son gafaka, jakar fata da ake adana Littafin a ciki. Ja yake so, marar tabo, kafin ranar walima. Baba Maccido ya juya abin da yake da shi bai ga wadda ta isa ba. Da malamin ya tafi, Kawu ya matso.

"Baba, in na kawo hwata?"

Tsohon ya dube shi. "In ka kawo wadda ta yi, kai za ka ɗinka ta gabana. Ka shigo inuwa, ka yi rani nan, abin da munka samu mu ci tare."

Lawwali ya so ya yi magana, uban ya ɗaga masa hannu.

Kawu ba shi da akuya. Akuyar da ke gidan ta Inna Kaltume ce, ja sosai, jikar wadda uwarta ta ba ta ranar da aka kawo ta amarya. Ita ta gaya mini cewa kwanaki ya yi yana zagaya turken, har ta gaji.

"Malam, mi kaka so da akuyar ga?"

"Ba ni son komi."

"In hwatatta kaka so, ka hwaɗi."

"Ita ɗai gare ki."

"Na sani. Ni ka ba ta dusa."

Aka yanka ta. Kawu ya tsaya a kan mahaucin, ya hana shi sa wuƙa tsakanin fata da nama, sai da dunƙulen hannu aka feɗe ta. Aka raba naman ga maƙwabta, Inna Kaltume ba ta ci ba. Ya kai fatar wurin wani majemi a Goronyo, aka jiƙa ta da toka, aka kankare gashin, aka tsoma ta cikin ruwan bagaruwa har ta jemu, aka shafe ta da man gyaɗa, sannan aka rina ta da karan dafi. Na gan ta bayan haka, don na zo hutu. Ban taɓa ganin ja irin wannan ba. Taushinta kuma kamar zane.

Kayan aiki ma a Goronyo ya samu. Ba shi da abin saya, sai ya ɗauki kalmensa da tsohuwar hauyarsa ya kai wa maƙeri, ya ce tun da ba zai ƙara noma da su ba a mayar masa da su kayan dukanci. Maƙerin ya fitar masa da wuƙa mai faɗin baki, da basilla babba da ƙarama, da wani ƙarfe mai lanƙwasa na jan zane a kan fata. Kawu ya sa musu ƙota da kansa. Kullum da la'asar sai ya baje su a tabarma ya goge da yashi, ko da yake babu abin da suka taɓa.

Ya kai wa Baba Maccido fatar ya gani. Tsohon ya ɗaga ta ga rana, ya shinshina, ya murza gefenta.

"Ta yi," ya ce. "Jajibirin kasuwa ka yayyahwa mata ruwa, ka naɗe, ta kwana da laima don ta yi daɗin yanka. Ka zo da kayanka."

Iyakar abin da ya faɗa masa ke nan.

Duk manomin ƙasarmu in zai ɗora abu mai kaifi a kan jaki, lauje ne ko wuƙa, yakan naɗe shi cikin abu mai laushi don kada ya huda taiki ko ya ji wa dabba ciwo. Haka Kawu ya yi tun yana yaro. Ranar jajibirin kasuwa ya yayyafa wa fatar ruwa kamar yadda aka ce. Ya duba gidan bai ga abin da ya fi ta laushi ba, bai kuma ga wurin da ya fi dacewa da sababbin kayansa ba. Ya jera su a tsakiyarta, ya naɗe tamau, ya ɗaure da kaba, ya sa a taiki.

Ina rumfar da safe lokacin da ya iso, don na ce masa zan zo in ga ranar da zai shiga inuwa. Ya sa farar rigarsa ta sallah. Baba Maccido ya matsa masa wuri a kan buzu kusa da shi, ya shigo ya miƙe ƙafar, ya kwance kabar, ya warware fatar.

Wuƙar ta zana kanta a jiki, baƙi ƙirin, da bakinta da lanƙwasarta. Basillu biyu ma haka, da ƙarfen zane. Da yake a naɗe take, baƙin ya ratsa ya fito a kowane ninki, daga wuya har gindin wutsiya.

Lawwali ya fara dariya ya yanke. Kawu ya sa babban yatsa ya goge wurin, ya tofa miyau ya ƙara gogewa.

"Tsatsa ta," ya ce. "Za ta hita."

"Ba tsatsa ba ta," in ji Baba Maccido.

Daga baya aka yi mini bayani. Fatar da aka jeme da bagaruwa, in tana da laima ta haɗu da ƙarfe, baƙi take yi, kuma ba ya fita. Da ma da ƙarfe dukawa suke haɗa baƙin rininsu. Kowane ɗan baduku ya san haka tun bai iya magana sosai ba, don ya sha mari ranar da ya mance basilla a kan jiƙaƙƙiyar fata.

"Ban hwaɗa maka ba?" tsohon ya tambaya.

"Ba ka hwaɗa ba, Baba."

Baba Maccido ya sake juya fatar. Can ya ce, "To wa ka hwaɗin wannan?" Ba da Kawu yake ba, ba kuma da kowa ba.

Ya aika aka sayo lemon tsami, ya matsa a kan zanen wuƙar ya murza da tsumma. Baƙin ya koma toka-toka, jan da ke kewaye ya koɗe. Ya auna da tafin hannu ta kowane gefe yana neman inda zai fitar da gafaka, babu. Kafin azahar Malam Shittu ya iso daga Rabah. Ya daɗe yana duban fatar, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, amma ba zai sa Littafin Allah cikin abin da ke da siffar wuƙa ba. Ya yi sallama ya ce zai aika Sakkwato.

"Mu kanmu aikin bai ishe mu ba, Baba," in ji Lawwali, a hankali, ba da izgili ba. Sauran dukawan ba su ɗaga kai ba.

Baba Maccido ya ce wa Kawu, "Bar ta nan in rina ta baƙa, a yi layu da kube. Kai kuma ka biɗo wata. Rumhwa tana nan."

Kawu ya gode masa, amma bai bar ta ba. Ya naɗe fatar ya sa a taiki, kayan ƙarfen ya riƙe a hannu. Ya ja ƙafa ya fita daga inuwar. Na raka shi har Dinawa, shi a kan jaki, ni a ƙasa. Magana ɗaya ya yi a hanya.

"Zayyanu, mi za ni ce ma Kaltume?"

Na ci gaba da bin jakin.

Da muka isa, shimfiɗa mata fatar kawai ya yi a tsakar gida. Ta duba, ta bi zanen da yatsa, ta ninke ta shiga da ita ɗaki, ta fito ta kawo masa tuwo. Mahaifiyata ta ce da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Kwana da kwanaki yana zama yana kallon turken da babu komai.

Na koma makaranta don zangon ƙarshe. Da aka gama girbi, Kawu ya ɗaure kaya ya shiga ayarin Mu'azu, maƙwabcin da ya saba kai mutane kudu. Kowa ya hana shi. Ya ce ba daɗewa zai yi ba, awaki biyu kawai yake biɗa, jajaye, ɗaya ta turke, ɗaya ta rumfa. Ya tafi da kayan aikinsa, ya ce zai riƙa ɗinke takalma da guga a hanya.

Mu'azu ya ce har Jega yana jan ƙafar, su yi gaba su jira shi. Bayan Jega gwiwar ta kumbura kamar tulu, zazzaɓi ya shige shi. Suka roƙi wani mai gida a wani ƙauye ya ba shi zaure, suka zauna da shi har ya cika, mutanen garin suka taya su sutura. Sai da rani ya yi nisa ayarin ya dawo, sannan muka ji. Mu'azu ya miƙa wa Inna Kaltume wani ƙulli na busasshen tsumma, wuƙar da basillun da ƙarfen zane a ciki. Ya ce ko cikin zafin ciwo Kawu yana ta tambaya ko ruwa ya taɓa su.

Baba Maccido ya zo gaisuwa a kan jaki, Lawwali yana jan akala. Bayan addu'a ya aika ciki ko za a ba shi fatar ya rina, a sami abin da za a samu a kai. Inna Kaltume ta ce a gode masa, a bar ta yadda take. Tsohon ya zauna a zaure har la'asar. Da zai hau jaki na ji ya ce wa ɗansa, "Magana ɗaya ta. Da na buɗa baki."

Jiya na je Dinawa. Fatar tana rataye a kan igiyar kaya ta gabas, jan ya fara dushewa, baƙin yana nan yadda yake. Ƙullin tsumman yana cikin wata ƙwarya can bayan ƙofa. Na ce wa Inna Kaltume ko in ɗauko shi in haɗa su wuri guda don kada ya ɓace. Ta ce a'a, damina ta kusa, ɗakin yana yoyo.